Ganyen Lemo a Cikin Man Takalmi

Shekara uku cur Ibu Masripah tana maimaita wa 'yarta Warsini magana ɗaya, har matan da ke yi mata aikin zane suka haddace ta.

"Ɗan mai ɗinkin takalma na bakin tasha? Warsini, ko da maza sun ƙare a Pekalongan, gara ki tsufa a ɗakina da in ba wa wanda abincinsa ke ƙarƙashin ƙafar Turawa."

Warsini kuwa ta ɗauki maganar yadda aka faɗe ta, ta gyara zama ta fara tsufan. Shekararta ashirin da shida, duk wanda ya zo da maganar aure sai ta sallame shi da murmushi da kofin shayi.

Shi ko Tarmuji, ɗan mai ɗinkin takalman, bai zauna ba. Man takalmin da ya fara dafawa a tukunyar ƙasa bayan shagon ubansa ya zama masana'anta mai ma'aikata ashirin. Gwangwaninsa mai hoton zakara ya kai Semarang, ya kai Batavia. Akawuna da 'yan sanda da sojojin Holan duk shi suke nema, domin wanda ake kawowa daga Turai narkewa yake a zafin nan ya koma kunu, nasa kuwa ba ya narkewa, ba ya tsagewa a kan fata.

Arziki yana da yadda yake sanyaya bakin iyaye. Sannu a hankali Ibu ta daina cewa "ɗan mai ɗinkin takalma", ta koma "yaron nan". Daga ƙarshe, wata safiya tana duba rini, ta ce ba tare da ta waiwayo ba:

"Ki ce masa ya turo manyansa ranar Alhamis ta sama. Su zo kawai, ban ce na bayar ba."

Saura kwana tara Subakir ya yi sallama a gidan.

Subakir dillalin zannuwa ne, shi ke kwasar kayan gidan ya kai Surabaya, kuma shekara biyar yana zarya a kan Warsini ba a ce masa ko sannu ba. Ranar ya zo da farar kwat da murmushin da bai dace da fuskarsa ba. Ya zauna a barandar da mata ke aiki, ya ciro wani ɗan gwangwani ya ajiye a gaban Ibu.

"Tsaraba na kawo miki, Ibu Haji. Na surukinki ne."

"Ka taɓa ganina da takalmin fata?"

"Ba shafawa za ki yi ba. Sansanawa za ki yi."

Alƙalamin tagullar da Warsini take zuba kaki da shi ya karkace, ɗigo ya faɗa kan farin ƙyalle inda bai kamata ba.

Duk garin an san abin da ya ɗaga gidan nan sama da sauran gidajen batik. Kowa yana zana furanni da narkakken kaki kafin a tsoma ƙyalle a rini, amma kakin Ibu Masripah ba ya tsagewa, don haka rini ba ya satar hanya ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Haɗin daga kaka ya zo, uwa ke faɗa wa 'ya, 'ya ta dafa murfin tukunya ta rantse ba za ta faɗa wa namiji ba, ko da mijinta ne. Mutum uku suka san shi a duniya: Ibu, da Warsini, da Mbok Sarinten, tsohuwar da ta shekara talatin da ɗaya tana juya tukunyar, wadda kuma ta goyi Warsini tun tana tsumma.

Ibu ta buɗe gwangwanin. Ta lakato kaɗan ta ɗora a kaskon da ke kan garwashi, ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye. Sannan ta ɗiga shi cikin ruwan sanyi, ta ɗauko ta lanƙwasa tsakanin yatsu biyu. Bai karye ba.

"Ganyen lemo," in ji ta a hankali.

Ta ɗago kai.

"Uwata ce kaɗai a duk ƙasar nan take jefa ganyen lemo a kaki don ta ji zafinsa. Me ganyen lemo yake yi a cikin man takalmi?"

Ta juyo ta dubi 'yarta. Warsini ta buɗe baki, Allah ya sani ta buɗe, amma harshenta ya yi nauyi. Ta tuna ranar, shekara huɗu baya, da Tarmuji ya zo ƙofar baya sayen baƙin kakin da aka gama aiki da shi, hannuwansa duk ƙuna, yana cewa ya gaji, gobe zai fasa tukunyar ya tafi dakon jirgin ruwa. Ta tuna yadda ta matso ta raɗa masa: ƙaro ne farko, kitse ya biyo, kakin zuma a ƙarshe, kuma kada ya sauke sai ganyen lemo ya yi ƙara ya kife da kansa.

"Ni ce, Ibu."

Ba daga bakin Warsini maganar ta fito ba. Mbok Sarinten ce, tsaye a bakin madafa da muciya a hannu.

"Ni na faɗa wa marigayiya uwar yaron, a kasuwa. Awarwaro biyu ta ba ni. Shi bai ma san daga inda abin ya fito ba, ya ɗauka dabarar uwarsa ce."

"Sarinten?" Muryar Ibu ta tsinke. "Ke da muka wanke gawar uwata tare?"

"Kwaɗayi ne, Ibu. Shaiɗan ne."

Abin da ya biyo baya, Warsini za ta shiga kabari da shi. Ibu ta fizge muciyar daga hannun tsohuwar. Ta sa aka kira duk matan gidan, har masu rini na bayan gida, ta sa aka kwance ƙullin kayan Mbok a tsakar gida a gaban kowa, ana neman awarwaron da babu su. Zani uku ne, da carbi, da wata 'yar hular jarirai da Warsini ta gane tata ce. Sannan Ibu ta ɗaga hannu ta mari matar da ta girme ta da shekara goma.

Warsini tana tsaye. Ba ta suma ba, ba a rufe mata baki ba. Tsaye take da ƙafafunta biyu tana kallo.

Da Mbok ta zo wucewa ta gabanta da ƙullin a ka, ba ta ɗago ido ba. Sai dai ta ce da ƙasa-ƙasa, kamar da kanta take:

"Kaskonki zai ƙone, Nduk, 'yata."

Subakir ya gyara wuyan kwat, ya fara jero jaje, yana cewa ai mutumin da ya gina arziki a kan kayan sata bai cancanci... Ibu ta katse shi.

"Asiri ya riga ya fita, Subakir. Hanya ɗaya ce zai dawo gidan nan, yaron ya zama ɗan gida. Da cewa na yi su zo in ji ta bakinsu, yanzu kuwa na bayar. Na gode da tsaraba."

Haka ya tashi ya fita, ya manta da hularsa a kan tabarma.

* * *

Wanda bai sani ba sai ya ce Warsini ta fi kowa sa'a a Pekalongan. Abin da ta shekara uku tana kuka a kansa ya zo har gida. Ƙawaye suna ta zolaya, ana jiƙa shinkafar wainar baƙi, ita kuwa ko loma ta kai baki sai ta mayar da ita cikin kwano. Sallah ma idan ta ɗaga hannu za ta yi addu'a sai ta sauke, don ba ta san da wace fuska za ta roƙa ba.

Kwana na huɗu ta ce za ta kasuwa sayen shuni, ta zarce masana'anta.

Ta sami Tarmuji a gaban babbar tukunyar ƙarfe, ya naɗe hannun riga, kunkunniya har goshi. Da ya gan ta ya saki ludayin ya ja ta ofis. Dik yake kiranta, wato ƙanwa, ita kuma ta ce masa Mas, wato yaya, kamar yadda masoya ke yi a ƙasar.

"Dik, lafiya? Kin ga yadda kika koma kuwa?"

Ta nuna kwandon da ke bakin ƙofa, cike da ɗanyen ganyen lemo.

"Me ya sa, Mas? Don gwada zafi ne kawai na ce maka. Shekara biyu ke nan kana da ma'aunin zafi na Turawa, ga shi can rataye. Me ganyen yake yi maka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Babu abin da yake yi."

"To me ya sa?"

"Duk tukunyar da na jefa shi, sai in ji kamar kina tsaye a gefena kina cewa, jira, bai kife ba tukuna. Shekara uku an hana ni ganinki sai daga nesa. Shi kaɗai nake da shi."

Wani irin kuka ya ƙwace mata, mai haɗe da haushi.

"Son da kake yi mini ne ya sa aka mari tsohuwa! Ka sani? Ni da kai muka ci, ita ta biya!"

"Na ji labari tun ranar. Ban runtsa ba, wallahi. Na aika mata da buhun shinkafa da yadi, ta maido. Zan gina mata ɗaki, Dik, na bulo, in sa mata mai yi mata hidima har ƙarshen ranta."

"Shinkafa aka ƙwace mata? Sunanta aka ƙwace! Jiya a wajen karatun mata an ce ta shigo ta zauna, wadda ke kusa da ita ta ja jakarta ta rungume. Mbok Sarinten, Mas! Matar da ko allura ta tsinta sai ta zagaya gida tana cigiya!"

Ya murza baƙaƙen yatsunsa.

"To bari in je in ce ni na sata. In ce na laɓe a bayan shanya na ji."

"Ibu ba yarinya ba ce. Ba a faɗin haɗin da baki a gidanmu, sai ranar rantsuwa. Idan ba Mbok ba ce, ni ce, babu na uku."

"Idan kika faɗa fa?"

"Na karya rantsuwar kakata. Ba za ta ba ka ni ba, ni ma ba za ta ƙara kirana 'yarta ba."

Ya matso.

"Ba zan ce miki ki yi shiru ba, don ba ni da bakin faɗin haka. Duk bulon da ke ginin nan daga raɗar da kika yi mini ya fito. Amma ki sani, idan na rasa ki, wuta zan sa wa wurin nan."

"Ka sa wa ma'aikata ashirin wuta a ciki ke nan. Mu ƙara mutum ashirin a kan Mbok?"

Ta share fuska da gefen mayafi ta fita, ko shunin ba ta saya ba.

* * *

Ranar Laraba da hantsi Warsini ta haye gada zuwa unguwar masunta, inda Mbok ta raɓe a bukkar ɗan ƙanwarta. Ta same ta zaune a ƙasa tana gyaran busasshen kifi. Cikin kwana takwas tsohuwar ta zube, zanin jikinta ya yi mata yawa.

Warsini ta durƙusa ta kama ƙafafunta.

"Mbok, ki tsine mini. Don Allah ki tsine mini ko na sami sauƙi."

"Tashi, kina ɓata zani mai kyau da ƙarnin kifi."

"Kin sani tun ranar?"

"Ina bayan shanya. Ke kam ko raɗa ba ki iya ba, tun kina ƙarama haka kike."

"Me ya sa kika ɗauka?"

Mbok ta ajiye wuƙar, ta goge hannu, ta shafa kanta kamar yadda take yi mata a da.

"Ban haihu ba, Nduk. Ke aka miƙo mini kina kwana arba'in. Shekara uku ina jin kukanki ta bango. Ni me ya rage mini? Haƙori huɗu da ciwon gwiwa. Na ga abin da zan iya saya miki da su, na saya."

"Zan faɗa wa Ibu gaskiya."

Nan take fuskar tsohuwar ta canja. Ta damƙe hannun Warsini da ƙarfin da ba a zata ba.

"Kul! Kina ji na? An riga an mare ni. An riga an zazzage tsummokarana a gaban yaran da na koya wa riƙe alƙalami. Idan kika buɗe baki, duk wannan ya tashi a banza, na sha mari kyauta ke nan. Ki yi aurenki, ki haifi 'ya mace, ki koya mata haɗin. Iyakar abin da nake so ke nan."

"Ke kuma fa? Haka za ki zauna a garin nan ana nuna ki?"

"Wa ya ce zan zauna? Ɗan ƙanwar nan tawa ya sa hannu a aikin gonar taba, can ƙetaren teku, a Deli. Ya ce in bi shi in riƙa dafa masa. Gobe za mu hau jirgin ƙasa na ƙarfe goma zuwa Semarang, daga nan sai na ruwa. Can babu wanda ya san sunana, balle ya ɓoye jaka."

"Deli? Mbok, waɗanda suka fi ki ƙarfi ma ba sa dawowa daga Deli!"

"To wa ya ce miki dawowa zan yi?"

Ta yi 'yar dariya, ta ɗauki wuƙarta.

"Ki ce wa wadda ke juya tukunyar yanzu ta rage wuta kafin ta zuba kitse. Na san halinsu, gaggawa gare su."

Warsini ta baro unguwar ba ta ganin gabanta. A kan gada ta tsaya ta daɗe tana kallon ruwan da rinin gidaje ya mayar shuɗi. Idan ta yi magana ta ci amanar Mbok, idan ta yi shiru ta kashe ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, can ƙasan zuciyarta akwai wata murya da ke jin daɗin an ce mata ta yi shiru. Wannan muryar ta fi tsana a duniya, kuma tata ce.

* * *

Alhamis ta waye gidan ya cika da ƙamshin shinkafar kwakwa da soyayyar kaza. An shimfiɗa sababbin tabarmi a zaure, kawun Warsini ya iso tun da wuri don karɓar baƙi. Ƙawaye suka naɗa wa Warsini gashi, suka soka mata farin fure, suna tsokanarta wai amaryar mai man takalmi ko duhu ta shiga sai ta yi ƙyalli.

Tara da rabi ta ɗan gota Ibu ta aiko a kira ta madafa.

Ta same ta ita kaɗai, tukunyar kaki a kan wuta. Ibu ma ta rame. Tun ranar da abin ya faru ita ke juya tukunyar da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa ba.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Ranar da aka zo tambayar aurena, uwata ta sa na dafa kakin zanen bikina da hannuna. Ke ma haka za ki yi." Ta miƙo mata muciya. Ta Mbok ce, wurin riƙon ya lotsa daidai yatsun tsohuwar. "Daga yau tukunyar nan taki ce. Ba zan ƙara yarda da bare ba har in mutu."

Warsini ta karɓa.

"Kin san ba na barci?" in ji Ibu, tana kallon wuta. "Shekara talatin da ɗaya. Ranar da ubanki ya rasu, ita ta riƙe ni. Ina ta juya abin a raina, me na rage ta da shi? Da ta ce mini tana son awarwaro, wallahi da na cire na hannuna na ba ta. Yanzu ko ke nake kallo sai in ce, to wa ya rage?" Ta share ido da sauri. "Ke kaɗai kika rage mini, Warsini."

Daga waje aka ji ƙarar kofaton doki da ƙararrawar keken doki, mata suka fara shewa. Baƙi sun iso.

"Yi maza. Jefa ganyen, sannan ki dafa murfin ki sabunta rantsuwa, tunda gidan miji za ki. Ki ce, ban taɓa faɗa wa namiji ba, ba kuma zan faɗa ba."

Warsini ta jefa ganyen. Ya yi ƙara, ya zagaya, ya kife. Ibu ta ɗora murfin. Warsini ta kai hannu ta dafa, zafin ya ratsa tafinta, ba ta janye ba.

"Ban taɓa..."

Ta tsaya.

"Ina jin ki."

"Ban..." Hawaye suka ɓalle. "Ibu, ba zan iya ba. Ni ce. Ni na faɗa masa, da bakina, a ƙofar baya, shekara huɗu ke nan. Mbok ba ta taɓa ganin awarwaron kowa ba. Ji ta yi, ta rufa mini asiri. Ni ce, Ibu, ni ce!"

Ta zube a ƙasa ta rufe kai tana jiran mari.

Marin bai zo ba. Da ta ɗago, Ibu tana tsaye tana kallon tafin hannunta na dama, kamar yau ta fara ganinsa.

"Da wannan na mare ta."

"Ibu, ki yafe..."

"Kina wurin." Muryar a kwance take, kuma hakan ya fi ihu ban tsoro. "Asirin da kika ba shi, da na yi fushi na shekara in huce, yarinta ce da so. Amma kina tsaye, Warsini. Kina kallo na zazzage kayanta, kina kallo na ɗaga hannu. Kwana tara kina cin abinci a gabana, kin bar ni ina zagin baiwar Allah a cikin sallata."

"Ita ta hana ni..."

"Kafin marin ta hana ki, ko bayansa?"

Warsini ta sake kifa kai a ƙasa.

Ibu ta ja mayafinta ta yafa.

"Tana ina?"

"Tasha. Deli za ta tafi da ɗan ƙanwarta. Jirgin ƙarfe goma."

Ibu ta dubi agogon bango ta tagar madafa. Saura minti goma sha biyu, tasha kuma tana can ƙarshen gari.

Ta buɗe ƙofa ta fita ko takalmi babu. Warsini ta bi ta da gudu, furen kanta yana zuba. Suka ratsa tsakar gida, suka faɗa zaure, inda dattawa ke zaune da farantan goron aure na ganyen taunawa da zannuwa a gabansu. Tarmuji yana bakin ƙofa bai riga ya shigo ba, sanye da baƙin takalmin da mutum zai ga fuskarsa a ciki. Kallo ɗaya ya yi wa Warsini ya gane.

"Masripah, ina za ki? Ga baƙi!" in ji kawun.

"Kada a buɗe farantan nan, Yaya. Kada kuma a mayar."

Ta tsaya a gaban Tarmuji, ta dube shi daga takalmin zuwa fuska.

"Dokin nan naka yana gudu?"

"Yana yi, Ibu."

"To ka ji. Idan na dawo gidan nan da Sarinten, ita za ta ce a ba ka ko a hana ka, ba ni ba. Idan kuwa jirgin ya riga ni," ta juyo ta dubi 'yarta, "sai ka ɗauki wannan ka tafi da ita ba da albarkata ba, don ni ba ni da 'ya."

Tarmuji ya ɗaga Ibu ya ɗora a keken, ya ture direban gefe ya karɓi linzami da kansa. Warsini ta kama ƙarfen za ta hau.

"Sauka," in ji Ibu. "Kin iya tsayuwa. Tsaya."

Bulala ta yi ƙara, keken ya yi tsalle ya bar ƙura.

Warsini ta tsaya a tsakiyar hanya da kwalliyarta, baƙi da ƙawaye sun yi cirko-cirko a bayanta. Sai a lokacin ta lura har yanzu muciyar Mbok tana hannunta. Daga cikin gida wani ƙauri ya fara tasowa, wata mata ta ƙwala ihu cewa kaki yana ƙonewa, abin da ba a taɓa ji ba a gidan tun zamanin kaka.

Ba ta waiwaya ba. Keken bai kai ga shan kwanar masallaci ba, ta ji jirgin ya yi kukan farko daga can tasha.

Sau biyu yake yi kafin ya tashi. Ta rungume muciyar a ƙirji, ta rufe ido.

"Mbok," ta ce, "ki yi nawa yau. Don Allah, gwiwar nan taki ta yi miki nawa yau."